Kifin ado ba fulawar falo ba ne, kiwo ne kamar kowane kiwo

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, dan Allah a ɗan sammini fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina a rai. Ni mai bin shafinku na noma da kiwo ne, da wuya ya wuce ni, amma kullum in aka zo maganar kifi to tarwada ce, yadda za a haƙa rami, yadda za a kafa tamfol, buhun abinci nawa za ta ci kafin ta isa sayarwa. Ba laifi, ciki ne gaba. Sai dai akwai wani kiwon kifin da ya shigo garin nan a hankali ba wanda yake magana a kai, wato kifin ado na cikin tankin gilas, kuma wallahi asarar kuɗi da ta rai da ake yi a cikinsa ba kaɗan ba ce.

Abin da ya sa na ɗauki waya na fara wannan rubutun, makon jiya na je barka gidan wani abokina a Barnawa, ina shiga falo sai ga tanki sabo fil da fitila shuɗiya, ga kifaye ruwan ɗorawa da shuɗaye masu ratsi gwanin sha'awa, amma ruwan ya yi fari kamar farau-farau, duk sun taso sama suna haki. Na ce malam yaushe ka haɗa wannan, ya ce Asabar ɗin da ta wuce, ran nan aka kawo tankin, ran nan aka cika ruwa, ran nan aka juye kifin. Sha biyu ya saya, saura bakwai. Sai ya ce min wai ai ka san kifin Turawa ne, ba sa jure garinmu. Nan fa na ce a'a alhaji, tsaya.

Kifin nan da ake ce wa siklid ɗan Afirka ne kamar ni da kai, kuma ɗan uwan karfasa ne na jini, karfasar nan dai da ake soya mana a bakin titi da yaji, in ka lura da fiffiken bayansu mai ƙaya da yanayin baki za ka ga kamar. Yawancin masu kalar da ake kawowa asalinsu manyan tafkuna uku ne na gabashin Afirka. Akwai tafkin Malawi da ke tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya, wanda ya fi kowane tafki a duniya yawan nau'in kifi, ɗaruruwan iri, kuma kusan dukkansu babu su a ko'ina sai can, har UNESCO ta sa gandun da ke kudancin tafkin cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Akwai Tanganyika mai zurfin kusan mita 1,470, wanda Baikal na Rasha ne kawai ya fi shi zurfi, Tanganyikan kuma yana da nasa irin siklid kusan 250. Sai Biktoriya, da zan dawo kansa. Mu ma nan Najeriya ba a bar mu a baya ba, akwai wani ɗan ƙarami mai jan ciki da ake kira kribensis, a rafukan kudancin ƙasar nan yake, duk duniya ana kiwonsa. Abin dai shi ne wasu sun ɗauka sun koyi halinsa, yanzu gonakin kifi na Asiya da Amurka ke hayayyafa su ana dawo mana da su ta Legas, mu kuma mu ce na Turawa ne.

Ba wai ina yi wa abokina dariya ba ne, don ni ma haka na fara, ko ma fiye. Da can tattabaru nake kiwo a Unguwar Rimi, da muka koma gidan haya mai gidan ya ce ba ya son kashin tattabara a rufinsa sai na koma kifi. Takwas na saya karon farko, mai shagon bai ce min komai ba illa in riƙa ba su abinci sau uku a rana, ni kuma da hankalina na je na auno abincin tarwada don ya fi araha. Kafin kwana goma na kwashe gawa biyar da cokali. Yarana har kuka suka yi, uwargida kuma ta ce da kuɗin nan kifin miya ka sayo mana da mun san mun ƙaru. Ban da ta cewa.

Sai daga baya na gane abin da ya kashe su, kuma shi ne ke kashe na abokina. Kifi a cikin ruwan da yake zaune yake kashi, kuma yana fitar da wani guba da ake kira amoniya, ragowar abinci ma in ya ruɓe shi yake zama. A tafki ruwa ya yi yawa ba ya damunsa, a tanki kuwa taruwa yake yana ƙona masa wurin numfashi, shi ya sa ka ga sun taso sama suna haki. Masu maganin wannan wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, suna zama a jikin soson filta, wato injin tace ruwan tanki, da tsakuwa, kashi na farko su mayar da amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma guba ne, kashi na biyu su mayar da shi naitiret, wanda shi da sauƙi, canjin ruwa ke rage shi. To su waɗannan ƙwayoyin ba sa yawaita a kwana ɗaya, sai tanki ya yi kamar sati 4 zuwa 6 filta na aiki kana ɗan jefa ƙwayar abinci ba kifi a ciki. Wa zai iya wannan haƙurin, ya kashe kuɗi ya ajiye tanki wayam wata guda baƙi na tambaya ina kifin? To amma hanyar ke nan. In kana da wanda ya riga ka farawa, roƙi tsohon soson filtarsa da jiƙarsa ka sa a taka, zai rage maka kwanaki sosai, kamar dai yadda ake ɗiban tsohon nono a zuba a sabuwar madara don ta yi kindirmo. Kuma don Allah in za a wanke soson nan a matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin, kada a kai shi bakin famfo, balle a sa masa sabulu. Na san gidan da 'yar aiki ta yi abin kirki a ganinta, ta kwashe kifi a bokiti ta wanke tanki da duwatsu tas da garin sabulu, washegari ba ko ɗaya.

Sai shi kansa ruwan. Na famfo in ya zo yana da kulorin, ko dai ka sa maganin kashe kulorin da ake sayarwa ko ka tara a duro ya kwana ya wuni a buɗe, maganin dai ya fi tabbas. Sannan ruwan waɗancan tafkunan mai nauyi ne, yana da ma'adinai, ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa da ake ce wa pH a Malawi yana kaiwa tsakanin 7.7 da 8.6, na Tanganyika har ya kan kai wajen 9. Ni da na gwada na bohol ɗinmu da ɗan maganin ɗigawar nan mai canza kala, ƙasa da 7 na gani. Wani maƙwabcina ya ce ai sai ka jefa kanwa, na ce a'a, kanwa za ta ɗaga shi kam amma ba ka san ƙarfinta ba, ta yau daban ta gobe daban, kuma kifi ya fi tsanar ruwa ya riƙa hawa da sauka a kan ya zauna wuri ɗaya ko da bai cika daidai ba. Abin da ya yi min aiki shi ne ɓawon kawa na teku da dutsen farar ƙasa da masu haɗa abincin kajin ƙwai ke sayarwa, na wanke shi sosai na ƙulle a 'yar raga na tura cikin filta, yana narkewa a hankali a hankali. Duk sati kuma ina kwashe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan in zuba sabo, ba duka ba. Wanda na kwashe shukokin tsakar gida nake ba wa, suna sonsa.

Maganar tanki, kwalbar nan mai kamar tulu da ake tallarta ba ta siklid ba ce sam. A nemi mai tsawon ƙafa 4, wanda zai ci lita 200 ko sama. Masu aikin gilas na garin nan za su haɗa maka, ka dai tsaya a kan gilas mai kauri, kada ya gaza milimita 8 zuwa 10, kuma silikon ɗin da ake manne gilas ɗin da shi kada ya zama irin na banɗaki mai maganin fumfuna a ciki, guba ne. A tuna kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce, ga duwatsu ga yashi, teburin falo na katakon zamani ba zai ɗauka ba.

Abinci kuwa nan ne na fi yin wauta. Waɗanda aka fi kawowa su ne mbuna na Malawi, sunan daga bakin mutanen Tonga na bakin tafkin yake, kifin duwatsu ke nan, kuma a can yawancinsu gansakukar jikin dutse suke kankara su ci, hanjinsu dogo ne irin na masu cin ganye. Ka ɗauko abincin tarwada da aka yi don ta yi ƙiba da wuri ka ɗura musu, ai kamar ka ɗaure akuya kana ba ta kilishi ne. Ciki ya kumbura, kifi ya daina ci, ya riƙa jan wani farin kashi kamar zare, in ya kai nan da wuya ya tashi. A nemi abinci mai sifirulina, wato wata irin gansakuka da ake sawa a abincin kifi, a riƙa ɗan tsoma alayyafo a ruwan zafi ko a yanka kokwamba a maƙala musu, kuma abin da za su cinye cikin minti ɗaya ya isa. Mayaudara ne fa, ko yanzu suka ci in ka gifta sai su taso kamar sun kwana uku da yunwa. A ja wa yara kunne, na taɓa tsamo biskit da ƙullin tuwo a nawa.

Sannan faɗa. Kai, ban taɓa ganin halitta mai son gida da kishi irin wannan ba, zakaru biyu a akurki ɗaya sun fi su zaman lafiya. Namiji zai zaɓi kogo ɗaya ya ce nasa ne, duk wanda ya gifta sai ya bi shi. Maganin shi ne a tara duwatsu da yawa har sama, a bar ramuka da lunguna ta yadda wanda aka koro zai ɓace wa mai korarsa, a sa duwatsun su zauna a ƙasan tankin kafin a zuba yashi don suna tono, kada su rushe su fasa gilas. Kada kuma a ajiye namiji da mace ɗaya, zai matsa mata har ta mutu, namiji ɗaya mata uku ko huɗu ake yi, sai fitinar ta rarrabu. Da na faɗi haka a majalisa aka yi ta dariya wai ashe ko a ruwa ma huɗu ce iyaka. Mai farawa ya fara da ruwan ɗorawan nan mai baƙin layi a fiffike da masu shago ke kira yalo lab, ya fi sauran sanyin hali. Wanda ake kira auratus kuwa, yana ƙarami kyakkyawa ne, in ya girma ɗan daba ne, ba na ba wa sabon shiga shawararsa. Furontosa na Tanganyika mai ƙullutu a goshi shi kuma girma yake har wajen ƙafa guda, yana son wuri babba, kuma da dare yakan haɗiye ƙanana.

Yanayin Kaduna ma sai an yi shiri da shi. Suna son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, in dare ya raba ruwan tanki sanyi yake yi ƙarara, wata shekara aka ɗauke wuta kwana biyu hitar ɗumama ruwa ba ta aiki, sai ga fararen ɗigo-ɗigo a jikinsu kamar an barbaɗa gishiri, suna goga jiki a dutse, sai da na ɗaga ɗumin ruwan a hankali na sa magani kafin suka warware. Tun daga nan bargo nake lulluɓa wa tankin da dare. Maris da Afrilu kuma akasin haka, ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take, sai in buɗe murfin in juya fanka tana kaɗa saman ruwan. Abin da ba zan taɓa zama babu shi ba shi ne ɗan injin iska mai caji, wanda in wuta ta tafi yake ci gaba da kansa, ya fi fitilar ado amfani sau dubu. Wani abin da mutane ba su sani ba, maganin sauro na feshi yana kashe kifi nan take. In za a fesa a falo a rufe tankin ruf, a kashe injin iska don kada ya zuƙo ya tura cikin ruwa, sai warin ya fita a kunna.

To Edita, duk wannan wahalar me ake samu? Bari in ba ka labarin abin da ya riƙe ni shekara shida. Wata rana bayan la'asar ina zaune sai na ga namijin yalo lab ɗina kalarsa ta ƙara kaifi, baƙin fiffikensa ya yi sharr, yana ɗiban yashi da baki yana tofarwa gefe har ya share wani ɗan fili a gindin dutse. Sai ya je gaban wata mace ya karkace jiki yana karkarwa, ya juya ta biyo shi, suka riƙa zagaya juna a wurin nan. Ta ajiye ƙwai ɗaya ko biyu, nan take ta juyo ta tsince da baki, ta koma wajen fiffiken ƙasan namijin tana caccaka, a nan ne ƙwan ke samun rai a cikin bakinta. A yawancin mbuna ma namijin yana da wasu ɗige-ɗige masu kama da ƙwai a wannan fiffiken, su take bi. Haka suka yi ta yi kusan awa guda, ni ko shayina har ya huce.

Daga ranar haɓarta ta kumbura kamar mai gumtse da ruwa, ta koma lungu, in ka lura za ka ga tana motsa baki kamar mai taunar goro, juya ƙwan take don su sami iska. Kusan sati uku ba ta ci komai ba. In na zuba abinci sai ta taso ta duba ta juya. Wajen kwana na 15 in ka haska tocila a hankali kana iya hango 'yan idanu baƙaƙe ta fatar haɓarta. A nan na ɗauke ta da daddare na mayar wani ƙaramin tanki na lita 40 da ruwan tsohon tankin, don in ta sake su a babban to abincin dare ta kawo wa sauran. Ran da ta buɗe baki 'ya'ya 14 suka fito, kowanne bai kai tsawon farce ba amma kifi cikakke da 'yar kalarsa, ƙaramar 'yata ta matso da gudu, kafin ka ce kwabo duk sun ruga sun koma bakin uwar. Yarinyar ta fashe da kuka wai ta cinye su. Sai da na zaunar da ita muka yi tsit minti biyar suka sake fitowa.

Wasu ba sa jira, kamo uwar suke su buɗe bakin da tsinke su zazzage 'ya'yan don ta yi saurin komawa ƙwai. Masu yi don kasuwa suna da hujjarsu, ni dai ba na yi, ina ganin zalunci ga wadda ta yi azumin sati uku a hana ta ganin ƙarshensa. Bayan kwana biyu uku nake raba ta da su, in ciyar da ita ita kaɗai kamar sati ta murmure kafin ta koma wajen miji. 'Ya'yan kuma abincin manyan nake murje musu ya zama gari, kaɗan-kaɗan sau uku a rana, da yawan canjin ruwa. In mace sabon shiga ce ta haɗiye ƙwan farko ko ta tofar, kada a damu, na gaba za ta iya. Af, akwai ma wani ɗan uwan ƙurungu a Tanganyika da ya gano wannan dabarar, sai ya lallaɓo lokacin da ake ƙwai ya zuba nasa, uwar ta kwashe har da su, nasa su riga ƙyanƙyashewa su cinye na masu gida a cikin bakinta, ita tana can tana ta reno. Ikon Allah sai kallo.

Abu biyu nake roƙon 'yan uwa masu wannan kiwon. Na farko a daina cakuɗa iri masu kama da juna a tanki ɗaya, suna barbarar juna su haifi wanda ba a san asalinsa ba, kalarsa a dushe, sannan a sayar wa bayin Allah da sunan na asali. Na biyu, wanda ya gaji da kifinsa ya ba wa wani ko ya mayar wa mai shago, kada ya je ya juye a Kogin Kaduna ko wani rafi wai ya 'yanta su. Ku tambayi abin da ya faru a tafkin Biktoriya. Giwan ruwa dai, wanda masunta ke alfahari da kamawa a Argungu, shi aka kai can a shekarun 1950 don a sami babban kifin sayarwa, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, shi da gurɓatar ruwa suka haɗu, cikin irin siklid kusan 500 da ke wurin wajen 200 aka neme su aka rasa. A wajenmu abin biki ne, a can ya zama annoba, don kawai ba gidansa ba ne.

Ku kuma Edita, ko sau ɗaya a wata ne ku ɗan ba kifin ado gurbi a shafin kiwo, ku tura wakilinku ya zaga shagunan da ke sayarwa ya tambaye su me suke gaya wa mai saye kafin su ƙulla masa leda. Ni dai abokina na Barnawa na kai masa tsohon soso da injin iska aro, mun canza rabin ruwan, na ce ya daina ba su abinci kwana biyu, jiya da na kira ya ce bakwan suna nan. Wata macen tawa ma yau kwananta 17 da gumtse baki, na yi masa alkawarin biyar daga ciki in tankinsa ya cika sati shida.

Naka,
Wani mai kiwon kifin ado,
Kaduna.